Yadda ake zaɓen cocila mai kyau, mai sauƙin kuɗi

Idan rana ta faɗi a ƙauye, aiki bai ƙare ba. Mata suna tuƙa tuwon dare. Maigida yana duba garken awaki da rumbu. Yara suna bitar karatun lakkol. Wani yana komowa daga kasuwa, wani kuma za shi masallaci da asuba. Duka waɗannan suna bukatar haske. Har yanzu mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su da wutar lantarki. Saboda haka cocila ta zama kayan aiki, kamar hauya da guga.

Yanzu cocila ta cika kasuwanni. Ana samun ta a Babbar Kasuwar Yamai, da kasuwar Dole ta Damagaram, da kasuwannin Maraɗi, Tawa da Birnin Ƙonni. Ana samun ta har a kasuwannin ƙauye na mako-mako. Akwai manya, akwai ƙanana. Akwai na ƙarfe, akwai na roba. Amma ba duka ne masu kyau ba. Wata kwana bakwai kawai take yi ta mutu. Wata kuma tana haske ƙwarai, amma tana shan duwatsu kamar yadda rairayi yake shan ruwa.

Ga babban abin da za a riƙe cikin wannan darasi. Kuɗin cocila ba su ne waɗanda aka biya ranar saye kaɗai ba. Dole a haɗa da kuɗin duwatsun da za ta ci, a kuma duba tsawon lokacin da za ta yi tana aiki. Wanda ya iya wannan lissafi, shi ne zai sayi cocila mai sauƙin kuɗi ta gaskiya.

1. Amfanin haske da dare

Haske yana kare lafiya. Kunama tana fitowa da dare, musamman lokacin bazara. Tana ɓuya cikin takalmi, ƙarƙashin tabarma da gindin tulu. Kububuwa ma tana yawo da dare, kuma launinta ya yi kama da ƙasa. Sarar maciji tana yawa lokacin damana da lokacin girbi. A shekara ta 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda ba a kula da su yadda ya kamata ba. Manoma da makiyaya ne ta fi shafa. Mutumin da yake haska gabanshi kafin ya taka, ya kuma haska takalminshi kafin ya sa ƙafa, ya rage ma kanshi wannan hatsari. Rigakafi ya fi magani.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A kwantar da mutumin, a hana shi yawan motsi, a kai shi asibiti da gaggawa. A nan ma ana bukatar cocila don tafiyar dare.

Haka nan naƙuda ba ta da lokaci. Sau da yawa tana tashi da tsakar dare. Masu raka mace zuwa asibiti bisa amalanke suna bukatar haske mai kyau, wanda ba zai mutu a tsakiyar hanya ba.

A da, fitilar ƙwai da ƴar aci-balbal ne abin dogaro. Sun yi ma jama'a aiki shekaru da yawa, amma suna da illa. Hayaƙin kananzir yana sa tari da ciwon ido. Fitila tana iya kifewa ta kama ɗakin shuci ko danga. Ƙaramin yaro yana iya shan kananzir da aka aje cikin kwalba, yana zaton ruwa ne. Cocila ba ta da hayaƙi, ba ta tada gobara, iska kuma ba ta kashe ta.

2. Mene ne ƙwan LED?

Tsohuwar cocila tana da ƙwai na gilashi. A cikinshi akwai siririyar waya. Idan wuta ta bi ta cikin wayar, sai ta yi zafi har ta ba da haske ja-ja. Irin wannan ƙwai yana ɓarnar wuta. Wajen kashi 9 cikin 10 na ƙarfin dutse yana tafiya ne ga zafi. Ɗan abin da ya rage shi ne yake zama haske. Kuma wayar tana tsinkewa idan cocila ta faɗi.

Cocilar zamani tana da wani irin ƙwai dabam. Sunanshi haruffa uku ne: L, E, D. Ana karanta su haɗe, a ce LED. Ba shi da waya mai tsinkewa. Ɗan ƙanƙanen abu ne, wani bai fi ƙwayar dawa ba. Idan cocila tana kashe, ana ganin shi kamar ɗigon rawaya a tsakiyar madubi. Yana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan. Idan an ƙera shi da kyau, yana iya yin aiki awa dubbai bai ƙone ba.

Ba a rana ɗaya aka same shi ba. A shekara ta 1962, wani masani na Amurka mai suna Nick Holonyak ya ƙera ƙwan LED mai ba da jan haske. Amma jan haske ba ya isa a haska ɗaki. A farkon shekarun 1990, masana uku ƴan ƙasar Japan, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samo hanyar yin LED mai shuɗin haske. Daga shuɗin nan ne aka samu farin haske: ana shafa ma ƙwan wani sinadari rawaya, sai shuɗi da rawaya su haɗu su ba da fari. A shekara ta 2014 aka ba su babbar kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Tun da ƙwan LED yana daɗewa, ba shi ne yake fara lalacewa ba. Abin da ya fi kashe cocila shi ne makunni, da ƴan wayoyin ciki, da tsatsa, da dutse. Waɗannan ne ya kamata mai saye ya duba sosai.

3. A fara da tambaya: wane aiki za ta yi?

Kafin mutum ya tafi kasuwa, ya kamata ya san aikin da cocilar za ta yi mashi.

Cocilar hannu ƙarama. Tana shiga aljihu. Ta dace da zirga-zirgar gida, da zuwa masallaci, da zuwa bayan gida, da duba dabbobi. Ita ce ta yau da kullum.

Cocilar hannu babba. Tana jefa haske nesa. Ta dace da mai gadi, da makiyayi, da mai tsaron gona. Tana da nauyi, duwatsunta kuma sun fi tsada.

Cocilar goshi. Tana da igiyar roba, ana ɗaura ta a ka. Hannuwa biyu suna samun damar aiki. Ta dace da ungozoma, da mai ban ruwa a garka da dare, kamar masu noman albasa na Galmi, da mai gyaran babur, da mai tatsar nono da asuba.

Fitilar ajewa. Tana baza haske ko'ina cikin ɗaki. Ita ce ta dace da karatu, da girki, da mai shayi, da mai tebur. Cocila mai jefa haske wuri guda ba ta da daɗin karatu, tana gajiyar da ido.

Mutane da yawa suna amfani da hasken salula. Yana taimako na ɗan lokaci. Amma yana shanye wutar salula. Ranar da ake so a kira mai mota da dare don kai maras lafiya, sai a tarar ta mutu. Gara salula ta tsaya ga kira, cocila kuma ta tsaya ga haske.

4. Duwatsu, abincin cocila

Dutsen cocila shi ne wanda wasu suke ce ma pil, wasu kuma batir. Kowane iri yana da lamba rubuce a jikinshi. Wanda ya koyi karatu yana iya gane su.

R20 shi ne babban dutse, irin na rediyo. R6 shi ne matsakaici, mai kaurin yatsa. A wasu kwalaye ana rubuta AA. R03 shi ne ɗan siriri. A wasu kwalaye ana rubuta AAA. Dukansu ƙarfinsu ɗaya ne: 1,5 V, wato ɗaya da rabi. Bambancinsu yana ga yawan wutar da suke ɗauke da ita, kamar tulu da buta. Ruwan iri ɗaya ne, amma na tulu ya fi yawa.

Babban dutse R20 yana ɗauke da wuta fiye da sau huɗu ta R6. Ɗan siriri R03 kuwa wajen rabin wutar R6 yake ɗauka, alhali kuɗinsu kusan ɗaya ne. Saboda haka cocila mai cin sirara uku tana da araha ranar saye, amma ita ce ta fi cin kuɗi daga baya.

Akwai kuma duwatsu masu harafin L a gaba, kamar LR6 da LR20. Sun fi tsada, amma sun fi daɗewa ƙwarai.

Abu mai muhimmanci: a zaɓi cocila wadda ake samun dutsenta wajen mai tebur na ƙauye. Cocila mai dutsen da sai an je birni, rabin shekara a aje take yi.

Bayan waɗannan, akwai cocila mai caji. Dutsenta ba na jefarwa ba ne, ana sake cika shi da wuta. Iri biyu ne suka fi yawa.

Na farko yana da dalma a ciki. Cocilar tana da ɗan nauyi, sau da yawa tana da ƙafafu biyu da ake sokawa ga bango. Tana da araha. Amma idan aka bar ta ta mutu ƙurmus, aka aje kwanaki babu caji, dutsen yana lalacewa, ba ya sake riƙe wuta.

Na biyu ana ce mashi litiyom. Irin na cikin salula ne. Ba shi da nauyi, ana iya cika shi sau ɗaruruwa. Ana yi mashi caji da igiyar salula. Wanda aka fi samu cikin cocila lambarshi 18650, ƙarfinshi 3,7 V. Ya ɗan fi R6 girma. Ba a sa shi cikin cocilar da aka yi don duwatsun 1,5 V.

Sai kuma mai aiki da rana. Tana da ɗan faranti baƙi ko shuɗi wanda ake ce ma pano. Yana juya hasken rana ya zama wuta. Nijar ƙasar rana ce, kuma rana ba ta karɓar ko tamma. Amma a lura: panon da bai fi kwalin ashana ba yana bukatar kwanaki kafin ya cika dutse. Pano mai faɗin tafin hannu ko fiye ya fi amfani.

5. Lissafin manoma uku

Kuɗin kaya suna canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa. Lambobin da ke nan misali ne kawai na koyon lissafi. Kowace cibiyar yaƙi da jahilci tana iya sake lissafin da kuɗin kasuwarta.

Manomi na farko ya sayi cocila ta 500 F, wato dala ɗari. Tana cin sirara uku, kuɗinsu 150 F. Yana canza su sau biyu a wata.
A wata: 150 F x 2 = 300 F
A shekara: 300 F x 12 = 3.600 F
Cocilar ba ta da ƙarfi. Guda uku ya saya cikin shekara: 500 F x 3 = 1.500 F
Jimillar shekara ɗaya: 3.600 F + 1.500 F = 5.100 F
Jimillar shekara biyu: 5.100 F x 2 = 10.200 F

Manomi na biyu ya sayi cocila mai ƙarfi ta 1.500 F, wato jikka ɗaya da rabi. Tana cin manyan duwatsu biyu, kuɗinsu 300 F. Suna yi mashi wata biyu. A shekara sau shida yake saye.
A shekara: 300 F x 6 = 1.800 F
A shekara biyu: 1.800 F x 2 = 3.600 F
A haɗa da kuɗin cocila: 3.600 F + 1.500 F = 5.100 F

Manomi na uku ya sayi mai aiki da rana ta 5.000 F, wato jikka biyar. Bai sayi dutse ko ɗaya ba. Ya kula da ita, ta yi mashi shekara biyu.
Jimillar shekara biyu: 5.000 F

Ranar kasuwa, na farko ne ake gani ya yi dabara, don dala ɗari kawai ya fitar. Amma bayan shekara biyu ya kashe jikka goma da ɗoriya. Abin da ya kashe ya ninka na abokanshi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Gaskiya ne, fitar da jikka biyar a rana ɗaya yana da wuya ga talaka. Akwai dabaru. Ana iya saye lokacin kaka, bayan an saida wake ko gujiya. Ana iya yin adashi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekara ta 1991, sun nuna cewa ƴan kuɗin da ake zubawa mako-mako suna iya zama jari. Mutane da yawa kuma suna iya haɗuwa su saya tare wajen ɗan kasuwa ɗaya, su nemi ragi.

6. Karatun abin da aka rubuta bisa kwali

A nan ne amfanin karatu yake fitowa. Kwalin cocila yana ɗauke da lambobi da haruffa. Ga ma'anarsu.

lm. Wannan shi ne lumen, ma'aunin yawan haske. Kyandir ɗaya yana ba da wajen lumen 12. Lumen 20 zuwa 30 sun isa zirga-zirgar gida. Lumen 50 zuwa 100 sun isa tafiyar hanya da duba garke. Haske mai yawa yana cinye dutse da sauri. Idan aka ga ƴar ƙaramar cocila mai araha an rubuta mata lumen dubu goma ko fiye, wannan zuƙi ne na talla.

h. Wannan harafi yana nufin awa. Idan an rubuta 8 h, ana nufin cocilar tana yin awa takwas kafin dutse ya mutu. Wannan lamba ta fi lambar lumen amfani ga mutumin ƙauye.

mAh. Wannan yana nuna yawan wutar da dutse mai caji yake ɗauka. Dutsen 18650 na gaskiya ba ya wuce wajen 4.000. Mafi yawansu suna tsakanin 2.000 da 3.500. Wanda aka rubuta ma 9.900 ba gaskiya ba ne. Na ƙwarai yana da ɗan nauyi a hannu, wajen giram 45. Na jabu sau da yawa sakayau yake.

IPX4. Wannan yana nufin yayyafi ba ya ɓata cocilar. IPX7 yana nufin ko ta faɗa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har rabin awa, ruwa ba ya shiga. Wannan yana da amfani lokacin damana.

Game da fitilu masu aiki da rana, akwai wani tsari na gwada ingancinsu. Bankin Duniya ne ya fara shi cikin shirinshi na samar da haske a Afirka, wanda aka buɗe a 2007. Tun 2020 sunan tsarin VeraSol. Ana gwada fitilar, a ga ko abin da aka rubuta bisa kwali gaskiya ne. Fitilun da suka ci wannan gwaji suna zuwa da garanti na shekara ɗaya aƙalla. Mai saye yana iya tambayar ɗan kasuwa ko fitilarshi tana cikinsu. Idan akwai garanti, a karɓi takardar shaida mai kwanan wata, a adana ta.

7. Gwaji kafin biya

Gani ya kori ji. Kada mutum ya ji kunyar gwada kaya gaban mai shi. Ga abubuwa takwas da za a duba.

Na ɗaya, a kunna a kashe sau goma. Makunni mai kyau yana amsawa kowane lokaci.

Na biyu, a girgiza ta tana kunne. Idan hasken yana ƙyaftawa, akwai abin da bai zauna daidai ba a ciki. A aje ta, a ɗauki wata.

Na uku, a buɗe gindin a duba. Lanƙwasasshiyar wayar da take tura dutse ta kasance mai ƙarfi, babu tsatsa.

Na huɗu, a duba marfi. Ya rufu da kyau, ba ya zamewa. Idan akwai zoben roba a bakin marfin, ya fi kyau, don yana hana ruwa da ƙura shiga.

Na biyar, a gwada hasken cikin inuwa. Da rana tsaka ba a gane ƙarfin cocila. A shiga cikin rumfa, ko a haska cikin buhu. Haske mai kyau fari ne, ko mai ɗan rawaya. Wanda ya yi shuɗi da yawa ba ya nuna launin abubuwa da kyau.

Na shida, a duba ko tana da mataki biyu: haske babba da haske ƙarami. Ƙaramin ya isa yawancin aikin gida, kuma yana sa dutse ya daɗe ƙwarai.

Na bakwai, a matsa jikinta da yatsa. Robar da take lotsawa kamar kwalbar ruwa ba ta jure faɗuwa. Jikin ƙarfe mai sauƙi ko roba mai kauri ya fi. Igiyar ratayawa a hannu ma tana da amfani, musamman kusa da rijiya.

Na takwas, idan mai caji ce, a sa ta ga wuta nan take, a ga ƴar fitilar caji ta kama.

Wasu cociloli suna zuwa da rediyo, da jiniya, da fitilu masu launi-launi. Duka waɗannan daga dutse ɗaya suke sha. Kuma yawan kaya, yawan abin lalacewa. Wadda take yin aiki ɗaya da kyau ta fi.

Ya fi kyau a saya wajen ɗan kasuwar da aka sani, mai wurin zama. Idan kaya ya ɓaci washegari, an san inda za a same shi.

8. Kula da cocila

A sa duwatsu daidai. Kowane dutse yana da alama biyu: + da -. Cikin cocila ma akwai alamar da take nuna yadda za a jera su. Idan aka juya dutse, ƙwan LED ba ya kamawa, wani lokaci ma cocilar tana lalacewa.

Kada a haɗa sabon dutse da tsoho, ko iri biyu dabam. Tsohon yana raunana sabon, kuma yana iya tsiyaya.

Idan za a yi kwanaki ba a yi amfani da cocila ba, a fitar da duwatsun. Mataccen dutse yana zubar da wani ruwa mai cin ƙarfe. Idan an ga tsatsa kaɗan, a goge da busasshen tsumma, a kankare a hankali.

Shanya mataccen dutse a rana, ko tauna shi, ko bubbuga shi, ba ya cika shi da wuta. Ɗan hasken da yake dawowa ba ya daɗewa. Tauna dutse kuma hatsari ne ga baki.

Mai caji kuwa, kada a jira ta mutu ƙurmus. Idan haske ya fara rauni, a cika ta. Dutsen litiyom ba ya son zafi. Kada a aje shi kusa da murhu. Idan pano yana da doguwar igiya, a sa pano a rana, fitilar kuma a inuwa. Idan dutse ya kumbura, a daina aiki da shi nan take, don yana iya kama wuta.

A riƙa goge pano, musamman lokacin hunturu. Ƙura tana tare hasken rana, sai caji ya ragu.

A ware ma cocila wuri ɗaya cikin ɗaki, inda hannu zai kai gare ta ko cikin duhu. Kada a haska idon mutane, kada kuma a haska fuskar mai tuƙin mota ko babur.

9. Ina za a kai matattun duwatsu?

Mataccen dutse ba abin wasan yara ba ne. Baƙin garin da ke ciki yana da illa. Kada a sa shi ga ido, ko baki, ko miki. Dalmar da ke cikin wasu masu caji guba ce, ta fi cutar da yara da mata masu ciki.

Kada a jefa dutse cikin wuta, yana iya fashewa. Kada a jefa shi cikin rijiya, ko tabki, ko garka, ko inda dabbobi suke kiwo. A tara su cikin gwangwani mai marfi, a aje a busasshen wuri inda yara ba su kai ba. Kwamitin gari yana iya tuntuɓar ma'aikatan lafiya ko na gandun daji su nuna yadda za a yi da su.

Akwai wasu ƴan ƙananan cociloli masu dutse kamar maɓallin riga. Wannan dutse yana da hatsari ƙwarai ga ƙananan yara. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. A kai yaron asibiti nan da nan, kada a jira gari ya waye.

A taƙaice

Mai neman cocila ya fara sanin aikin da za ta yi. Ya zaɓi mai ƙwan LED, mai dutsen da ake samu kusa, ko mai caji da rana. Ya karanta abin da aka rubuta bisa kwali, ya ƙi yarda da lambobin zuƙi. Ya gwada kafin ya biya. Ya haɗa kuɗin saye da kuɗin duwatsu na shekara, sannan ya san wadda ta fi sauƙi.

Kalmomin koyon rubutu

cocila, dutse, ƙwai, haske, makunni, caji, pano, lumen, garanti, tsatsa

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Wane bambanci ne tsakanin tsohon ƙwai da ƙwan LED?
2. Wace irin cocila ta dace da ungozoma? Don me?
3. Tsakanin R20, R6 da R03, wanne ya fi ɗaukar wuta?
4. Me ya sa ba a haɗa sabon dutse da tsoho?
5. Me za a yi idan yaro ya haɗiye ƙaramin dutse?
6. A wannan ƙauye, ina ake zubar da matattun duwatsu? Me ya kamata a gyara?

Aikin lissafi

Wata mai tuyar ƙosai tana sayen duwatsu na 200 F kowane mako. Nawa take kashewa cikin mako 52? Idan fitila mai aiki da rana 6.000 F ce, mako nawa za ta yi tana aje 200 F kafin ta saye ta?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. Ranar kasuwa kuma ya raka maƙwabcinshi, ya karanta mashi rubutun kwali kafin ya fitar da kuɗinshi.